Darak da Bakassi: Tarihin Iyakar da Aka Zana a Kan Ruwa

A cikin hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002, kan rikicin iyakar Najeriya da Kamaru, akwai wata lamba da duk mai rubuta manhajar kwamfuta zai tsaya ya sake dubawa. Kotun ta ce iyakar ƙasashen biyu ta faro ne daga wani ɗigo a cikin Tafkin Chadi: digiri 13 da minti 5 arewa, digiri 14 da minti 4 da daƙiƙa 59.9999 gabas. Mu da muke wannan sana'a mun san irin waɗannan tara-taran da ke jeruwa. Yawanci alama ce cewa lissafi ya so ya faɗa kan cikakkiyar lamba, wato minti 5 cif, sai ya gaza da ƙiris. Mun buga lissafin ƙiris ɗin, ya kama wajen milimita uku, kamar kaurin ƙwayar dawa. An auna wuri daidai da ƙwayar dawa ke nan, a cikin tafkin da gaɓarsa ta ja da baya da kilomita masu yawa cikin shekara ashirin.

Yawancinmu 'yan Najeriya in aka ce rikicin iyaka da Kamaru, Bakassi kawai muke tunawa: can kudu, bakin teku, man fetur, da gardamar ko Gowon ne ya bayar ko Obasanjo. Amma shari'ar ta shafi layi mai tsawon kilomita kusan 2,000, daga Tafkin Chadi har Tekun Atlantika, kuma babban ɓangarensa ta ƙofar gidanmu ya bi, ta Borno da Adamawa da Taraba. Wanda bai san abin da ya faru a arewacin layin ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa aka rasa kudancinsa.

A watan Yuli na 1884 Jamus ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala, ta kafa tutarta. Ranar 10 ga Satumba na shekarar, Ingila ta ƙulla tata da sarakunan Tsohuwar Kalaba, ta yi musu alkawarin kariya. Da Turawan biyu suka zauna raba gaɓar teku a 1885, sai suka ɗauki wani ruwa mai suna Rio del Rey suka ce shi ne iyaka, bisa zaton dogon kogi ne da ya gangaro daga cikin ƙasa. Daga baya aka gano babu wani kogi a wurin, rassan ruwa ne birjik suka sarƙe da juna a bakin teku. Tun ran gini tun ran zane.

A arewa sun san abin da suke yankawa sarai. Ƙasar Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu, ta miƙe daga Yola har Garwa da Marwa da Ngaundare da Banyo. Yarjejeniyar Nuwamba 1893 ta zagaye birnin Yola da layi kamar baka, ta bar wa Ingila fadar Lamiɗo, ta ba Jamus mafi yawan ƙasarsa. Lamiɗo Zubairu bai yarda ba. Ingilishi suka kore shi daga Yola a 1901, Jamusawa suka ci rundunarsa a Marwa a farkon 1902, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. Borno ma haka aka yi mata: Dikwa, inda Rabe ya yi zamansa, ta faɗa hannun Jamus.

Takardar da ta fi kowace nauyi a batun Bakassi ita ce ta 11 ga Maris, 1913, wadda Ingila da Jamus suka sa wa hannu a Landan, ta bi iyaka daga Yola har teku. A kudu ta janye layin daga Rio del Rey ta mai da shi yamma, kan kogin Akwayafe, Bakassi ya koma ɓangaren Jamus. Masu rubutun sun koyi darasi daga kuskuren 1885, don haka suka ƙara wani sharaɗi irin wanda muke rubutawa kullum a manhaja, wato "idan kaza ya faru, a yi kaza". Suka ce ko da Akwayafe ya sauya hanya ya koma zuba a Rio del Rey, yankin Bakassi yana nan na Jamus. Sun yi tanadin ranar da kogi zai sauya ra'ayi. Mutanen Efik da suke su a wurin tun kaka da kakanni kuwa, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Shekara uku kacal Jamus ta ƙara a Kamaru. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, sansaninta na ƙarshe a kan dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairu 1916, Ingila da Faransa suka raba ganima. Faransa ta kwashi kaso mafi tsoka. Ingila ta karɓi wani siririn yanki da ya bi gefen Najeriya tun daga tafki har teku: Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali, Mubi, Ganye, Gashaka, Mambila, sannan Bamenda, Kumba, Buea, da Bakassi a can ƙarshe. Riƙon amana aka ba ta, da farko a madadin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, daga baya a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita kuwa don sauƙin aiki sai ta haɗa arewacin yankin da lardunan Arewa, kudancin kuma ta haɗa shi da mulkin kudancin Najeriya. Shekara arba'in da ɗoriya mutumin Kalaba yana shiga Bakassi ba shinge ba tambaya, kuɗi ɗaya, Turawan mulki ɗaya. A idon jama'a iyakar 1913 ta mutu. A cikin fayil kuwa tana nan da ranta.

Sabuwar iyakar da ke tsakanin rabon Ingila da na Faransa an fara zana ta a 1919, sannan Gwamnan Najeriya Graeme Thomson da takwaransa na Kamarun Faransa, Paul Marchand, suka bi ta dalla-dalla a 1929 da 1930, gwamnatocinsu suka tabbatar a Janairu 1931. Karanta wannan takarda sai ka ce kwatancen gidan biki: bi wannan rafi, haura wancan dutse, bar ƙauye kaza a hannun dama. Akwai wurin da ya fi ba mu dariya, a duwatsun gabas da Mubi. Sun dogara da taswirar wani Bajamushe, Max Moisel, sun kuma gane cewa ya yi kuskure wajen zana tudun da ruwan sama ke rabuwa a kansa. Maimakon su gyara, sai suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa a wannan wuri layin Moisel na kuskure za a bi. Duk wanda ya taɓa gadon tsohuwar manhaja ya san irin wannan rubutu: mun san ba daidai ba ne, amma kada a taɓa, abubuwa da yawa sun hau kansa. Bayan shekara saba'in, alƙalai a birnin Hague suka zauna suna neman inda kuskuren ya bi, don shi ne doka.

Da 'yanci ya ƙarato, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen ƙasar amanar. A Nuwamba 1959 aka tambayi na arewa ko za su shiga Najeriya ko a ɗage maganar. Ga mamakin Kaduna, mafi yawa suka ce a ɗage. Ƙorafi ne ya taru a kan mulkin En'e, musamman a tsakanin mutanen duwatsu da ba su manta da harin bayi ba. Sardauna Ahmadu Bello ya fahimci saƙon. Aka yi gyare-gyaren mulki, aka shiga yawon neman goyon baya gari-gari. Ranar 11 da 12 ga Fabrairu, 1961, aka sake jefa ƙuri'ar raba-gardama, wannan karon har da mata, shekaru da dama kafin matan Arewacin Najeriya su sami wannan dama. Arewa ta zaɓi Najeriya da ƙuri'a 146,296, Kamaru ta sami 97,659. Kudu ta zaɓi Kamaru da 233,571, Najeriya ta sami 97,741. An ƙirga Bakassi cikin kudu.

Ranar 1 ga Yuni, 1961, yankin arewa ya shigo Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi. Shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo, Bafulatanin Garwa, ya mai da wannan rana ta makokin ƙasa. Ya kai Ingila ƙara Kotun Duniya yana cewa ta yi maguɗi a riƙon amanar, kotun ta ƙi shiga maganar a 1963. Ashe su ma suna da tasu Bakassin, ta kuma fi tamu girma nesa ba kusa ba.

A nan ne muke ganin gardamarmu ta gida take tuntuɓe. Tsarin da ya ba mu Mubi da Gwoza da tsaunin Mambila shi ne ya ba Kamaru Bakassi, ƙasar amana ɗaya ce, ƙuri'a ɗaya ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ma ba ta yi musu ba: a wata takarda da ta aika wa Kamaru a Maris 1962 kan filayen haƙar mai, ta ambaci Akwayafe a matsayin iyaka. A 1964 kuma shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun 'yanci.

Saura batun Gowon. Maganar da ta bazu ita ce ya yi wa Ahidjo tukuici da Bakassi saboda ya toshe wa Biyafara hanyar shigo da makamai lokacin yaƙin basasa. Gowon ya sha musanta wannan. Abin da ke rubuce shi ne shugabannin biyu sun zana iyakar cikin teku a Yawunde a 1971, suka ƙarasa ta a Marwa ranar 1 ga Yuni, 1975, layin kuma ya bi ta yamma da Bakassi. Ba su ba da ƙasa ba, sun dai ɗora kan abin da 1913 ta riga ta faɗa. Wata biyu ba su cika ba aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala, gwamnatin Murtala ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da takardar Marwa ba. A Mayu 1981 jami'an Kamaru suka harbe sojojin Najeriya biyar a cikin rassan ruwan nan. Ƙasa ta ɗauki zafi, ana ta kiran yaƙi, Shehu Shagari ya danne zuciya ya karɓi ban-haƙuri da diyya.

Duk wannan lokaci wani abu yana faruwa a ɗaya ƙarshen layin, ba tare da jaridun Legas sun kula ba. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ruwan fili ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Garuruwan da ke bakin ruwa a ɓangaren Borno suka wayi gari tafki ya yi musu nisa. Masunci kuwa ba ya zama inda kifi ya tashi. Hausawa da Barebari da Shuwa da Jukunawa, har da mutanen Mali, suka bi ruwa gabas, inda kogin Shari ke zubowa. Inda ruwa ya janye ya bar ƙasa mai danshi aka shuka masara da wake, inda tudu ya ɓullo aka kafa bukka. Bukkoki suka zama ƙauye, ƙauye ya zama kasuwar banda. Mafi girmansu shi ne Darak.

Babu turke a kan ruwa, babu allo. Mutum ya tura kwalekwalensa daga wajen Wulgo, bai ga inda Najeriya ta ƙare ba, domin layin da ke tsakanin wancan ɗigo na tsakiyar tafki da bakin kogin Ebeji miƙaƙƙe ne, a takarda kaɗai ake ganinsa. Hukuma ta biyo bayan mutanenta kamar yadda mutanen suka biyo bayan kifi: aka naɗa bulamai, aka karɓi haraji, aka kafa makaranta da ɗakin shan magani da ofishin 'yan sanda, ana tafiyar da su daga ƙaramar hukumar Ngala. Naira ake kashewa. Kamaru ta ce daga 1987 abin ya zama mamaya da soja. Mu dai a ganinmu talakan da ya bi ruwa bai ci iyakar kowa da gangan ba. Gwamnati ce ba ta da wannan uzuri, domin tana da taswira a aljihun tebur. Bayan arangamar da aka yi da Chadi a tsibiran tafkin a 1983, Hukumar Tafkin Chadi ta ɗauko ma'aunan Faransa suka sake auna iyakokin tsakanin 1988 da 1990, jami'an Najeriya suna wurin, ba su ɗaga hannu sun ce Darak tamu ce ba. Daga baya gwamnati ta ƙi tabbatar da aikin, amma shirun farko ya riga ya shiga fayil.

A Disamba 1993, wata guda da hawan Abacha, sojojin Najeriya suka shiga Bakassi. Aka yi ba-ta-kashi, Kamaru ta shigar da ƙara ranar 29 ga Maris, 1994, a watan Yuni ta faɗaɗa ta har tafki da duk abin da ke tsakani. Shekara takwas ana shari'a. Ana cikin yi, a 1996, Abacha ya mai da Bakassi ƙaramar hukuma.

Hujjar Najeriya iri biyu ce. Ta farko: mutanenmu ne a wurin, mu muke mulki, ga rasiɗan haraji, ga makarantu. Kotu ta ce inda akwai takardar mallaka, zama a wuri ba ya kashe ta, sai in mai ita ya nuna ya haƙura, Kamaru kuwa ba ta haƙura ba. Wanda ya taɓa zama a zauren shari'ar gona ya san wannan rigima, tsakanin mai takarda da wanda ya shekara ashirin yana noma. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Najeriya ta ce kariya sarakunan Kalaba suka nema a 1884, ba su sayar da ƙasa ba, to ta yaya Ingila za ta yi kyauta da abin da ba nata ba a 1913? Amsar kotu ita ce a dokar wancan zamani, irin wannan yarjejeniya da sarakunan wannan yanki hanya ce ta mallakar ƙasa, ko me aka rubuta a ciki. Wannan amsa tana da ɗaci. Ma'anarta, sa hannun sarkin Afirka ya isa ya ba Bature ƙasa, amma bai isa ya ɗaure Baturen da alkawarin da ya ɗauka ba. Alƙali Abdul Koroma ɗan Saliyo da Bola Ajibola, wanda Najeriya ta zaɓa, sun ƙi yarda, mu ma a wannan gaɓa muna tare da su. Sai dai ko an ba mu gaskiya kan 1884, ƙuri'ar 1961 da takardar 1962 da ta Marwa suna nan suna jiranmu.

Da hukunci ya fito, Abuja ta yi ƙorafin cewa shugaban kotun Bafaranshe ne, ga alƙaliya 'yar Ingila, ga Bajamushe, wato jikokin masu rabon ne suka yi shari'ar rabon. Maganar ta yi daɗin ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a cikin teku kotun ta yi watsi da layin da Kamaru ta nema, manyan rijiyoyin man Najeriya suka tsira. A kan tudu kuma, cikin wurare 17 da aka yi jayayya, kowane ɓangare ya ci wasu ya rasa wasu. Akwai ƙauyuka irin Turu da Koja da suka yi girma har suka tsallake layi. Kotu ta ce ba ta da ikon matsar da iyaka don ƙauye ya faɗaɗa, ƙasashen biyu su san yadda za su yi da mutanen.

Darak aka fara miƙawa. A Disamba 2003 Najeriya ta sauke tutarta daga ƙauyuka sama da 30 na tafkin, ba zanga-zanga, ba dogon sharhi. Wasu mazauna suka kwashe komatsai suka dawo Borno, wasu suka zauna suka koyi hulɗa da jandarma da kuɗin sefa. Bakassi ya ɗauki lokaci. Kofi Annan ya haɗa Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a Greentree, kusa da New York, ranar 12 ga Yuni, 2006. Sojoji suka janye a watan Agusta. Majalisar Dattawa ta ce a 2007 ba a bi tsarin mulki ba, tunda ba a kawo mata yarjejeniyar ba, amma Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cika alkawarin ranar 14 ga Agusta, 2008, a wani biki a Kalaba. Damar neman a sake duba hukuncin ta shekara goma ce, ta ƙare a Oktoba 2012, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba.

Ƙasashe biyu masu sojoji sun rabu da wannan rigima ba tare da cikakken yaƙi ba, kuma wanda ya ga abin da Habasha da Eritiriya suka yi wa juna kan garin Badme daga 1998 zuwa 2000 ba zai raina wannan ba. Waɗanda suka biya kuɗin sulhun su ne masunta. Dubban mutanen Bakassi da suka zaɓi dawowa an tsugunar da su a wajen Akpabuyo, nesa da ruwan da suka sani, shekara da shekaru suna kukan an manta da su. Jihar Kuros Riba ta rasa bakin tekunta, a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76. A tafki kuwa, waɗanda ba ruwansu da digiri da minti ne suka cike gurbin: a Yuni 2019 mayaƙan Boko Haram suka afka wa Darak suka kashe sojojin Kamaru da fararen hula da dama. Aikin kafa turakun siminti a kan layin ya ci shekaru, ma'aikata suna hawa duwatsu da na'urar tauraron ɗan'adam suna neman tudun Moisel. A Janairu 2017 'yan bindiga suka kashe biyar daga cikinsu kusa da Konca.

Mu kuma a wurin aiki, duk lokacin da aka ce mu gina fom na rajista, muna ɗauko jerin ƙananan hukumomi 774 kamar yadda yake a tsarin mulkin 1999. Mai karatu zai iya gwadawa a wayarsa a fom na gaba da zai cike: ya zaɓi Kuros Riba, ya gangara ƙasa kaɗan, bayan Akpabuyo zai tarar da Bakassi tana nan. Darak kuwa ko a jerin ba ta taɓa shiga ba, a wancan lokaci a ƙarƙashin Ngala take.